Dwight Davis: Ɗan attajirin da ya ba tanis kofi, ya ba ƴaƴan talakawa fili

Kowace shekara ƙasashe fiye da 150 ne ke shiga gasar ƙwallon tanis ta maza da ake kira Kofin Davis, wato Coupe Davis a bakin masu jin Faransanci. Jamhuriyar Benin na cikinsu, haka ma Najeriya da Ghana da Kamaru. Sunan kofin ya zaga duniya, amma ba kowa ya san mai sunan ba. Dwight Filley Davis ɗalibin jami'a ne mai shekara 20 lokacin da ya sa aka ƙera kofin da kuɗin aljihunsa. Sau uku yana zama zakaran Amurka a wasan bibbiyu, daga baya ya yi ministan yaƙi, ya kuma mulki ƙasar Filifin. A tsakanin waɗannan akwai shekara huɗu da ya yi yana kula da lambunan shaƙatawa na garinsu, kuma a can ne ya yi aikin da ya fi taɓa rayuwar talaka.

Gidan da ya taso

An haifi Davis ranar 5 ga watan Yuli na shekarar 1879 a St. Louis, babban birnin kasuwanci da ke bakin kogin Mississippi a jihar Missouri ta Amurka. Kada a haɗa shi da Saint-Louis ta ƙasar Senegal. Kakansa na wajen uba, Samuel Davis, ya tara dukiya da sarin yadi da kayan masarufi, mahaifinsa John Davis kuma ya ƙara haɓaka ta. Kakansa na wajen uwa, Oliver Filley, ya taɓa riƙe sarautar magajin garin St. Louis. Yaron ya buɗe ido cikin wadata, bai taɓa buƙatar neman na abinci ba har ƙarshen rayuwarsa.

Irin waɗannan gidaje sukan kwashe iyali su tafi bakin teku a gabashin ƙasar idan zafi ya matsa. A wani ƙauyen hutu da ake kira Magnolia, a jihar Massachusetts, Davis ya fara riƙe raket yana da shekara 15 ko kusa da haka.

Wasan kansa a lokacin bai daɗe da bayyana ba. A 1874 ne wani tsohon hafsan sojan Birtaniya, Walter Wingfield, ya yi rajistar wasan da ake bugawa a kan ciyawa da raga a tsakiya. An fara gasar Wimbledon a 1877, Amurka kuma ta fara tata gasar a 1881 a Newport, garin da manyan masu kuɗi ke hutawa. Richard Sears ya ci gasar sau bakwai a jere, daga 1881 zuwa 1887.

Ka'idar zamanin ita ce a yi wasa don sha'awa. Ba a ba zakara ko kwabo, kuma duk wanda aka samu yana karɓar kuɗi saboda wasa ko koyar da shi, an rufe masa ƙofar gasa. A ido ka'idar tana da kyau, amma ta tace mutane. Wanda zai bar aiki wata biyu ko uku, ya biya jirgin ƙasa da masauki da kuɗin shiga kulob, lalle yana da abin hannu. Leburan masana'anta ko ɗan dako bai ma san yadda filin yake ba, domin filayen duk suna cikin shingen kulob-kulob ko bayan gidajen attajirai.

Bahagon Harvard

Davis ya shiga jami'ar Harvard a 1896. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, kuma bahago, yana da bugu mai nauyi, yana son matsowa kusa da raga ya kashe ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba. Cikin shekara biyu ya shiga sahun gaba. A 1898 ya kai wasan ƙarshe na gasar Amurka ta mutum ɗaya-ɗaya, inda ɗan jami'arsu Malcolm Whitman ya kayar da shi. A 1899 ya zama zakaran ɗaliban jami'o'in ƙasar.

Inda ya fi haskawa shi ne wasan bibbiyu, tare da abokinsa Holcombe Ward. Sun ci gasar Amurka a 1899 da 1900 da 1901. Su biyun ne suka yi suna da wani sabon salon bugun buɗe wasa. Mai bugu yakan jefa ƙwallo sama ta ɗan bayan kansa, ya lanƙwasa baya, ya shafe ta da raket daga ƙasa zuwa sama, sai ta tafi tana juyawa. Tana taɓa ƙasa sai ta yi tsalle sama ta karkace gefe, mai tarba ya kai hannu inda ba ta. Har yau manyan ƴan wasa suna amfani da wannan salo, musamman a bugu na biyu idan na farko ya lalace.

A 1901 Davis da Ward sun ƙetare teku zuwa Wimbledon, suka kai wasan ƙarshe na bibbiyu, amma ƴan'uwan nan biyu na Ingila, Reginald da Laurence Doherty, suka fi ƙarfinsu. Davis bai taɓa cin babbar gasa shi kaɗai ba.

Yadda kofin ya samu

A 1899 Davis da wasu abokan wasansa sun yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa zuwa California domin karawa da gwanayen yammacin ƙasar. Yadda jama'a suka cika filaye suna goyon bayan ƴan yankinsu ya nuna masa cewa wasa yakan ƙara armashi idan gari ne ke karawa da gari. Idan haka ne, ƙasa da ƙasa fa?

Tunanin ba nasa ne shi kaɗai ba. Shugaban hukumar tanis ta Amurka, Dokta James Dwight, ya yi shekaru yana rubuta wa Ingila takardu yana neman a shirya irin wannan karawa, kuma shi ne ya yi yawancin aikin tsara dokoki. Abin da Davis ya kawo shi ne kofi. Ya je shagon Shreve, Crump and Low da ke Boston, aka ƙera masa babbar tasa ta azurfa mai nauyin kusan kilo 7, aka shafe cikinta da ruwan zinariya. Hukumar ta karɓi kyautar a watan Fabrairun 1900, aka aika wa Birtaniya goron gayyata.

An yi karawar farko daga 8 zuwa 10 ga Agustan 1900 a filin kulob ɗin Longwood da ke Boston, a shekarar da Lugard ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. Amurka ta tsayar da ƴan Harvard uku: Whitman, Ward da Davis, wanda shi ne kyaftin. Birtaniya ta zo ba tare da ƴan'uwan Doherty ba, ta turo Arthur Gore da Ernest Black da Herbert Roper Barrett. Baƙin sun raina abin, har suka fara zuwa yawon buɗe ido a magangarar ruwa ta Niagara kafin su iso Boston.

Davis ne ya buɗe gasar da Black. Ya faɗi a turmin farko da 4-6, sannan ya cinye uku a jere, 6-2, 6-4, 6-4. Whitman ya share Gore a turmi uku. Kashegari Davis da Ward suka doke Black da Barrett da 6-4 sau uku, kofi ya zauna gida da ci 3 da nema. A rana ta uku ruwan sama ya katse wasan Davis da Gore, ba a ƙarasa ba. Turawan Ingila sun koma suna ƙorafin tsawon ciyawa da laushin ƙwallaye da zafin rana, amma abin da ya fi ba su wahala shi ne bugun nan mai karkacewa da ba su taɓa gani ba.

Dokar gasar a lokacin ita ce mai riƙe da kofi ya zauna gida, sauran ƙasashe su fafata, wanda ya yi saura ya zo ya ƙalubalance shi. A 1902 Birtaniya ta dawo da ƴan'uwan Doherty, suka doke Davis da Ward a wasan bibbiyu, duk da haka Amurka ta tsira da 3 da 2. Wannan ne karo na ƙarshe da Davis ya buga gasar. A 1903 Birtaniya ta ɗauke kofin, a 1904 Faransa da Beljiyam suka shigo, daga nan ƙasashe suka yi ta ƙaruwa.

Kwamishinan lambuna

Davis ya koma St. Louis, ya karanta shari'a a jami'ar Washington da ke garin, ya gama a 1903, amma bai yi aikin lauya ba. Ya buga tanis a wasannin Olamfik na 1904 da aka yi a garinsu, bai samu lambar yabo ba. Daga nan hankalinsa ya koma kan harkokin gari. Ya zauna a majalisar birni daga 1907 zuwa 1909, sannan a 1911 aka naɗa shi kwamishinan lambunan shaƙatawa.

St. Louis a lokacin tana cikin biranen Amurka mafi girma, cike da masana'antu da hayaƙi da unguwannin baƙin haure masu cunkoso. Yaran waɗannan unguwanni a kan titi suke wasa, tsakanin kekunan doki da taragon lantarki. Birnin yana da lambuna manya, musamman Forest Park inda aka yi bikin baje kolin duniya na 1904, amma an ɗauke su wurin kallo da yawo cikin shiga mai kyau. Ko'ina alluna ne da ke hana taka ciyawa.

Davis ya sa aka tuge allunan. Ya yanka filayen ƙwallo a cikin lambunan, ya buɗe filin golf na jama'a, ya ƙara wuraren wasan yara a unguwannin talakawa, ya shirya gasa tsakanin unguwanni da ma'aikatu. A zamaninsa ne aka gina katafaren wurin ninƙaya a Fairground Park. Sannan ya shimfiɗa filayen tanis na gwamnatin birni, waɗanda ake lissafa su a matsayin na farko irinsu a Amurka. Magatakarda ko ɗan kafinta zai iya zuwa da raket ɗinsa ya buga, ba tare da katin kulob ko sanin wani babba ba.

Masu son lambu ya zauna tsaf sun yi ta gunagunin lalacewar ciyawa. Matsayin Davis shi ne lafiyar yara ta fi ciyawa daraja, kuma kuɗin da birni ya kashe kan filin wasa zai rage wanda zai kashe kan asibiti da gidan kaso. Ya bar kujerar a 1915. Lokacin da ya zama shugaban hukumar tanis ta Amurka a 1923, ya kafa gasar ƙasa ta ƴan wasan filayen jama'a, domin wanda ya koyi wasa a lambun birni shi ma ya samu hanyar zama zakara.

Ƙofar da ba ta buɗe wa kowa ba

Wannan aiki yana da iyakarsa, kuma iyakar ita ce launin fata. St. Louis birni ne mai wariya, kuma shirin Davis bai rushe ta ba. Wurin ninƙayar Fairground na farar fata ne kawai har zuwa watan Yunin 1949, kuma ranar da aka bar yaran baƙar fata suka shiga ruwan, gungun fararen fata sun far musu da sanduna. A fagen tanis ma sai da wani malamin makaranta baƙar fata, Richard Hudlin, ya kai ƙara kotu a 1945 kafin a bar ƴan'uwansa su shiga gasannin filayen birnin.

A gidan wannan malami ne wani saurayi daga jihar Virginia, Arthur Ashe, ya sauka a 1960 domin ya ƙarasa sakandare ya kuma samu inda zai yi atisaye. A 1963 Ashe ya zama baƙar fata na farko da Amurka ta saka a tawagarta ta Kofin Davis, daga baya ya zama kyaftin, ya ci kofin a 1981 da 1982. Shi ne kuma ya hango wani yaro ɗan shekara 11 a Yaoundé a 1971, ya yi masa hanyar zuwa Faransa. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Roland-Garros a 1983, ya kuma jagoranci Faransa ta ɗauki Kofin Davis a 1991 da 1996 da 2017.

Soja, minista, gwamna

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, Davis yana da shekara kusan 38 da iyali, amma ya sa kaki ya tafi Faransa tare da dakarun jiharsu. Yaƙin nan ne Faransa ta yi ta ɗibar masa sojoji da ƙarfi daga Dahomey, abin da ya tayar da boren Bio Guéra a ƙasar Borgu a 1916. A ƙarshen Satumban 1918, a gumurzun Meuse-Argonne, Davis ya yi ta zirga-zirga a ƙarƙashin ruwan harsasai yana tattara rundunonin da suka watse, aka ba shi lambar jarumta ta biyu a daraja a sojan ƙasa na Amurka. Ya dawo gida da muƙamin laftanar kanar.

Ya nemi jam'iyyar Republican ta tsayar da shi takarar sanata a 1920, bai samu ba. A 1923 aka naɗa shi mataimakin ministan yaƙi, a 1925 shugaba Calvin Coolidge ya ba shi kujerar ministan gaba ɗaya, ya riƙe ta har 1929. A zamaninsa ne aka gurfanar da hafsan nan Billy Mitchell gaban kotun soja saboda caccakar manyansa kan sakaci da jiragen yaƙi, kuma a 1926 aka yi dokar da ta faɗaɗa rundunar sama a cikin sojan ƙasa.

Yana minista ne kofinsa ya bar Amurka zuwa Faransa. A 1927, a Philadelphia, René Lacoste da Henri Cochet da Jean Borotra da Jacques Brugnon suka karya Amurka da gwarzonta Bill Tilden. Domin a samu inda za a kare kofin ne aka gina filin Roland-Garros a birnin Paris a 1928, Faransa kuma ta riƙe shi har 1932.

A 1929 shugaba Herbert Hoover ya tura Davis Filifin a matsayin gwamna janar. Amurka ta karɓe tsibiran daga hannun Sifen a 1898, mutanen ƙasar kuma suna neman ƴancin kai. An san shi da zaman lafiya da ƴan siyasar ƙasar da kuma damuwa da tattalin arziki, amma kujerar ta mulkin mallaka ce, kuma ƴancin bai zo a hannunsa ba. Ya ajiye aikin a farkon 1932 saboda rashin lafiyar matarsa Helen, wadda ta rasu a wannan shekara. A 1936 ya auri Pauline Sabin, fitacciyar ƴar siyasa. A Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, an sake kiransa ya shugabanci wani sashe da ke ɗaukar ƙwararrun farar hula aikin soja.

Ya mutu a birnin Washington ranar 28 ga Nuwamban 1945 yana da shekara 66, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Filifin ta samu ƴanci wata bakwai bayan haka. Tun da daɗewa jama'a ke kiran gasar da sunansa, bayan mutuwarsa hukuma ta tabbatar da sunan.

Abin da ya rage

Duniyar wasan sha'awa da ta haifi Davis ta shuɗe. Daga 1968 aka buɗe manyan gasanni ga masu wasa don kuɗi, a 1972 aka soke dokar da ke barin mai kofi ya zauna gida yana jira. Ƙasar Afirka ɗaya ce ta taɓa ɗaukar kofin, Afirka ta Kudu a 1974, ita ma ba da bugu ba: Indiya ta ƙi buga wasan ƙarshe da ita saboda mulkin wariyar launin fata. Tasar azurfar tana nan, an ɗora ta a kan manyan gammaye na katako domin sunayen zakaru sun daɗe da cika jikinta. A Forest Park kuma akwai cibiyar tanis ta jama'a mai ɗauke da sunansa.

A Parakou da Djougou ƙwallon ƙafa ce ke da jama'a. Yaron zango ya san Buffles du Borgou da Panthères de Djougou, ya san kokowa da dambe, tanis kuwa a talabijin yake ganin ta, ko ya ji labarin filayen otal da kulob na manya a Kwatano. Haka yaron unguwar masana'antu yake a St. Louis kafin 1911. Abin da ya sauya masa lamarin shi ne shawarar ofishin birni ta ware ƙasa ta jama'a, ta shimfiɗa fili, ta bar ƙofa a buɗe.

Garuruwan arewacin Benin suna faɗaɗa, ana yanka filaye ana sayarwa, kuma fegin da aka riga aka gina ba ya komawa filin wasa. Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa mita 10.97, idan aka haɗa da wurin gudu a kewaye bai kai kashi ɗaya cikin goma na filin ƙwallon ƙafa ba. Daɓen siminti ɗaya zai iya ɗaukar tanis da safe, ƙwallon kwando ko na hannu da yamma. Ware irin wannan wuri a tsarin sabuwar unguwa yana hannun magajin gari da majalisarsa, kujera irin wadda Davis ya yi aiki a ƙarƙashinta shekara huɗu.